Hoton Teku

Tun da gari ya waye Basira take zarya tsakanin ɗaki da tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin yin ƙwai. Ta ɗora ruwan koko ta manta da shi har ya ƙafe. Ta share gindin darbejiya, ta juya ta sake share inda ta share. Wayarta kuwa ba ta rabu da hannunta ba, ko alwala za ta yi sai dai ta jingina ta a kan turmi inda idonta zai kai.

Ta sake danna lambar Sadisu. Matar nan ta cikin waya, mai muryar da ba ta san ciwon kowa ba, ta sake shaida mata cewa wayar a kashe take.

"Allah ya isa tsakanina da ke," in ji Basira.

"Ke da wa kuma da sassafen ga?"

Adda ce ta leƙo daga ɗaki da carbi a hannu. Yayar mahaifin Basira ce, ita ta riƙe ta tun rasuwar uwarta, kuma duk unguwarsu a Kankiya an san bakinta ba shi da linzami.

"Adda, gobe fa Asabar."

"Na sani. Ai ba ni na yi rantsuwa ba, ke kika yi."

Nan Basira ta durƙushe a kan tabarma ta fashe da kuka. Gaskiya Adda ta faɗa, baki shi ke yanka wuya.

Tun farko mahaifinta, Alhaji Dikko, wanda take kira Baffa, bai so maganar Sadisu ba. Yaron ɗan manoman Yashe ne, can ƙasar Kusada, maraya, yana sayen gyaɗa da riɗi a ƙauyuka ya sayar wa mutanen da bai taɓa gani da ido ba, duk ta waya. Baffa kuwa tsohon falke ne, ya ci ƙuruciyarsa a fataucin goro har Gwanja, kuma labaran hanyar sun ishi kowa a gidan. Shi a wurinsa ɗan kasuwa sai da rumfa da ma'auni.

"Mutumin da shagonshi da abokan cinikinshi duk suna cikin aljihun wando," ya taɓa ce mata, "ranar da aljihu ya ɓule fa? Kuma yaron ga in ya hango ni sai ya canza hanya. Ko dai girman kai gare shi, ko rashin gaskiya."

Ba ɗaya daga ciki. Kunya ce ta yi wa Sadisu katutu. Akwai ranar da Basira ta gaji ta karanto masa lambar Baffa, ta ce to ya kira shi mana ko gaisawa su yi. Sadisu ya dafe ƙirji ya ce, "Ni? In kira Baffanki? Da wane bakin?" Maganar ta mutu a nan.

Ga kuma Talha, ɗan ƙanin Baffa, ma'aikaci a sakatariyar ƙaramar hukuma, da motarsa da ƙamshin turarensa, ya daɗe yana jira a gefe. Baffa bai ce zai yi mata dole ba, bai taɓa yi wa 'ya'yansa ba. Sharaɗi kawai ya kafa: Sadisu ya nemi sana'ar da ido ke gani, magabatansa kuma su zo kafin la'asar ta Asabar ɗin da ya yanka. Basira da bakinta, don ta cika da yarda da masoyinta, ta rantse cewa in aka kira la'asar ba su zo ba, ta amince da Talha.

Wannan ya sa Sadisu ya tattara abin da ya mallaka ya tafi Lome, ƙasar Togo, sayen injin matsar man gyaɗa. Ranar da ya sauka sun yi hira har kunnenta ya yi zafi. Washegari ta ce masa ita fa ba ta taɓa ganin teku ba, ya ɗauko mata hotonsa. Ya turo saƙon murya yana dariya: "Ranki ya daɗe, ga ni nan zan je in ɗauko maki tekun gaba ɗaya."

Daga wannan ba ta sake jin ɗuriyarsa ba. Mako ya zagayo, wani ya kama hanya.

Adda ta tsaya a kanta tana kallonta, har tausayi ya ci ƙarfin faɗa.

"Tashi ki wanke idon ga. Akwai barkar haihuwa da ake bina a Kusada, sai mu ratsa Yashe. In Baffanki ya tambaya, barka muka je, ba ƙarya a ciki."

Hanya duk an girbe gero, an jingina dammuna a bakin gonaki, mata da yara sun duƙufa cirar gyaɗa. Basira ba ta ga ko ɗaya ba. A gidan barka ta riƙe jaririn ba ta san mace ba ne ko namiji. Da suka sauka Yashe kunya ta kama ta, don budurwa ba ta taka gidan su saurayi, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake.

Sun tarar da Kubura, mahaifiyar Sadisu, tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗaki. Ta rame, idanun sun faɗa. Tana ganin Basira ta gane ta, ta ture ƙwaryar ta jawo ta jikinta.

"Ɗiyata, kin ji wani abu?"

Basira ta girgiza kai. "Ni ma wurinki na zo ji, Iya."

"Yo ni mi na sani? Wayar ga ma shi ya saya mani, shi ya zuba mani lambobi. In ta yi kuka in latsa kore, iyakar ilimina ke nan. Ranar da za ya tahi sai da na ce mashi, Sadisu, hwaɗa mani sunan mutumin da za ka sauka wurinshi. Ya yi dariya ya ce, Iya, komi na cikin waya."

Basira ta sunkuyar da kai.

"Iya, ki yafe mani. Ni na aike shi."

"Aike ina?"

"Bakin teku. Ni na ce ya ɗauko mani hoto. Daga nan ne..."

Ba ta ƙarasa ba. Kubura ta saki salati, hannunta ya yi sanyi a kafaɗar Basira.

"Teku? Yaron da ko kududdufin bayan gari bai taɓa shiga ba?"

Suka haɗa kai suka yi ta kuka, babu mai lallashin wani. Adda ta bar su sai da suka yi mai isarsu. Kubura ce ta fara share ido da gefen zane.

"Bari kuka, ɗiyata. Jikina bai ba ni ya mutu ba. Na binne ubanshi, na binne yayyenshi biyu, kowane sai da na ji a jikina kahin a hwaɗa mani. Wanga ban ji ba."

Adda ta sa aka yi mata sallama da Malam Lawal, ƙanin mahaifin Sadisu, wanda shi ne zai jagoranci neman auren. Ya tsaya daga bakin zaure, suka gaisa, ta roƙe shi ya zo gobe ko da yaron bai dawo ba.

"Hajiya, goro na nan, alawa na nan, tun kahin ya tahi aka saya," in ji shi. "Amma ban zuwa gaban Alhaji Dikko in nemi aure ma wanda ban san ko shina duniya ba. In ya ce mani ina yaron, in ce mi? In ɗaure ɗiyar mutane da igiyar da ban san inda ƙarshenta yake ba? A kawo mani labarin shina raye, ko cikin salla nike ina sallamewa zan taho."

Babu wanda zai ce bai yi gaskiya ba, shi ya sa maganar ta fi ciwo.

Da suka dawo Kankiya motar Talha na fake a ƙofar gida, shi kuma yana jingine da ita yana juya makulli a yatsa. Adda ta amsa gaisuwarsa a taƙaice ta shige.

"Ƙanwata, kin rame."

"Sannu da zuwa, Hamma Talha."

"Har yanzu shiru?"

Ta juya za ta shige. Ya matso kaɗan, ya sassauta murya. Talha ba mugu ba ne, ya dai san inda ake danna miki.

"Basira, ba ni son ganinki haka, wallahi. Amma ki yi tunani da kanki. A zamanin ga mutum na ɓata? Ko ƙarƙashin ƙasa yake zai ari wayar wani ya kira gida. In kika ga mutum ya yi shiru, shirun ya zaɓa."

"Sadisu bai yi mani haka."

"To ɗayan biyu ne. Ko dai ya ga sharaɗin Baffa ya fi ƙarfinshi ya sulale, ko kuma..." Ya bar mata sauran. "Ni dai ina nan inda kika bar ni. Tun kina firamare nike nan. Gobe bayan la'asar su Abbana za su zo neman aurenki."

"Bayan la'asar ka ce. To ka bari a kira ta tukuna."

Ta shige da sauri don kada ya ga hawayenta. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, maganar da ya faɗa ta riga ta faɗa wa kanta ita sau ba adadi. In yana raye me ya hana shi aron waya? In kuwa ba ya raye, ita ce ta tura shi. Duk ɓangaren da ta juya ƙaya ce.

Asabar ta zo ba wuta a unguwar tun jiya. Basira ta ci gaba da kira, matar cikin waya ta ci gaba da ba ta amsa ɗaya. Bayan azahar Baffa ya shimfiɗa buzunsa a inuwar darbejiya ya aika a kira ta. Talha na zaune a gefe, wai ya zo ya taya shirya zaure. Adda ta jawo kujerar tsugunno ta zauna ba wanda ya gayyace ta.

Basira ta durƙusa nesa kaɗan, kanta a ƙasa.

"Basira, kin tuna abin da kika faɗa da bakinki?"

"Na tuna, Baffa."

"Na tilasta ki?"

"A'a, Baffa."

"To ga rana ta karkata. Ba yaro, ba manyanshi, ba inji. Ina son in ji daga bakinki kafin baƙi su iso, don ba ni son a ce..."

Wayarsa ta katse shi. Tsohuwar ƙaramar waya ce mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba, ƙararta kuwa har maƙwabta. Idon Baffa ya yi rauni, sai ya miƙa wa Talha ya duba masa.

"Lambar ƙasar waje ce, Baffa. 'Yan damfara ne, haka suke yi." Ya kashe.

Basira ta yi zaton Sadisu ne. Ta buɗe baki, kunya ta rufe shi. Baffa ya gyara murya zai ci gaba, wayar ta sake ɗaukar kuka.

"Su ne dai," in ji Talha, yatsansa na kan maɓalli.

Baffa ya miƙa hannu. "Kawo nan. Wanda ya yi sallama sau biyu shina da magana."

Kunnen Baffa ya yi nauyi, don haka kullum a lasifika yake amsa waya, duk gidan an san sirrinsa. Ya danna, ya riƙe ta a gaban bakinsa.

"Wa ke magana?"

Aka ji hayaniyar babura da wani yare, sannan wata murya a dishe.

"Salamu alaikum. Ranka ya daɗe... Alhaji... Baba... Allah ya ƙara girma. Don Allah a gafarce ni. Ni ne Sadisu, na Yashe."

Basira ba ta san lokacin da ta zube da goshinta a ƙasa ba. Adda ta ce, "Allahu akbar!" har carbinta ya faɗi. Talha ya daina juya makulli.

Fuskar Baffa ba ta motsa ba. "Kana ina?"

"Ina Lome, ranka ya daɗe. Amma ban san ko ina ne cikin Lome ba."

"Kai da wayarka mai nuna hanya?"

"Tana cikin teku, ranka ya daɗe."

Sai labari ya ɓalle masa. Ya je bakin teku ɗaukar hoto, ya tsaya dab da ruwa yadda mutum ke tsayawa a bakin dam, bai san shi wannan ruwan tasowa yake ya iske mutum ba. Ya ɗaga waya ke nan igiyar ruwa ta yi sama da shi ta maka shi da ƙasa. Masunta suka jawo shi da ƙafa. Ya tashi da ransa, waya kuwa ta tafi.

"Komi na ciki, ranka ya daɗe. Lambar mai injin, da taswirar masaukina, da mai fassara mani Faransanci. Jakata da fasfo suna masauki, ni kuma ban san sunan unguwar ba, wayar nike bi tana cewa dama ko hagu. Na kai katina injin banki ya tofo shi. Duk inda na taɓa sai a ce an tura lambar sirri zuwa wayata, ita kau tana wurin kifaye."

"Mi kake ci?"

"Ina taya masunta jan taru, su ba ni abinci. In kwana a wani ɗan masallaci. Yau ne na ji ƙamshin yajin ƙuli, na bi shi da hanci har na iske wani mai tsire, mutumin Maraɗi. Shi ya ba ni wayar ga."

"Duk kwanakin ga ba ka samu aron waya ba sai yau?"

Basira ta ɗago kai. Tambayar da ta hana ta barci ke nan.

"Na samu, ranka ya daɗe. Lamba ce babu. Ban riƙe ta kowa a kai ba, ko ta Iya. Na yi ta cankar ta... ta gidanku, ina faɗawa wurin mutanen da ban sani ba. Wata mata har zagina ta yi da yarensu."

"To tawa fa? Ina ka same ta?"

Baffa ya girgiza wayar, yana zaton ta katse.

"Taka ce kaɗai ban ajiye ba, ranka ya daɗe. Da aka ba ni ita na rasa sunan da zan sa mata. In rubuta sunanka, ban isa ba. In rubuta Baffa, ba a ba ni izini ba. Sai na bar ta a kai. Kullum in danna ta don in gaishe ka, in na zo kira sai gabana ya faɗi in goge. Na danna ta na goge har ta zauna mani kamar Fatiha."

Adda ta sa gefen mayafi ta toshe baki. Basira kuwa ta bar hawayen suna zuba yadda suka ga dama. Son da take yi masa ya taso mata sabo, haɗe da haushin wautarsa, har ta rasa wanne ya fi yawa.

"Watau tun ranar farko kana da lambata," in ji Baffa a hankali, "ka gwammace ka ja taru da yunwa da ka kira ni."

"Ranka ya daɗe, yaro bai kiran uban yarinya da kanshi. Sai a ce ba ni da manya. Yau ma don na san Asabar ce, na ga in ban kira ba..." Muryar ta karye.

Baffa ya daɗe yana shafa gemu. Da ya buɗe baki kuma ba muryar uban yarinya ta fito ba, ta tsohon falke ce.

"Share hawayenka, namiji bai kuka a ƙasar mutane. Mu da muka bi hanyar ga ba waya ba taswira, ba mu ɓata ba. Da ka fito masaukinka da safe, mi ka fara gani?"

"Ban lura ba, ranka ya daɗe, ina kallon waya."

"Ai na sani. Hancinka fa, shi ma waya yake kallo? Kunnenka fa?"

"Akwai... akwai ƙaurin kifi, mata na banda a bayan gidan. Da ƙararrawar coci da sassafe. Sannan na sha shayi wurin wani Badamagare mai tsage a kumatu."

"Madalla. Ka ga masaukinka nan. Babu mai shayin da ba a san teburinshi ba a zango. Ba ni mai wayar."

Wata murya mai kauri ta yi sallama, ta ce sunanta Ɗanmaliki. Suka gaisa da Baffa kamar sun shekara da sanin juna, har da tambayar damina. Baffa ya ce ya kai yaron zango wurin mai masaukin Katsinawa, a nemo mai shayin, a karɓo jaka, in an ga mai inji to, in ba a gani ba a sa shi motar da ta sauke dabbobi za ta dawo Arewa.

"An gama, Alhaji," in ji Ɗanmaliki. "Sai dai ka san ƙa'idar zango, ba a amsar baƙo sai da sunan wanda ya tsaya mashi. Za a tambaye ni ɗan wa ne. Mi yake gare ka?"

Talha ya zuba wa Baffa ido.

"Ce masu ɗan Dikko ne na Kankiya, Dikko mai goro. In da sauran tsofaffi a zangon za su tuna. Duk abin da ya taɓa, a wuyana. Miƙa mashi."

"Ranka ya daɗe," in ji Sadisu, "na gode, Allah ya..."

"Bar godiyar, kuɗin wayar mutane kake ci. Saurara. Kai sakarai ne, ban canza magana ba. Amma na ɗauka raini ne ke sa ka kauce mani, ashe ba shi ba ne." Ya yi gyaran murya. "In Allah ya maido ka ka sayi wata wayar, ka ajiye lambar ga. Ka rubuta Baffa."

Babu amsa.

"Kana jina? Kai, Sadisu!"

Talha ya leƙa fuskar wayar. "Ta katse, Baffa." Ba wanda ya san ko kafin maganar ta katse ko bayanta. Baffa ya sa aka bi lambar, aka ce ba ya da kuɗin kiran waje.

Talha ya miƙe yana kakkaɓe riga, murya a daƙile. "Baffa, su Abba fa sun shirya. Kai ka ce la'asar."

"Ni na faɗa, kuma ban tashinta. In aka kira salla Malam Lawal bai zauna a zauren ga ba, rantsuwar Basira na nan, ni ban iya kwance ta." Ya dubi inuwar katanga da ta fara miƙewa, sannan ya dubi 'yarsa. "Ke kuma mi kike jira? Mutumin ga cewa ya yi a kai mashi labari." Ashe labarin zuwansu Yashe ya riga ya iso kunnensa.

Basira ta rarumo wayarta, ta danna don ta nemo lambar Iya Kubura. Fuskar wayar baƙi ƙirin. Ta sake dannawa, ta bubbuga ta a tafin hannu. Kiran da ta yini tana yi ya cinye cajin tas, kuma ko kashe ta za a yi ba ta san lambar a kai ba.

Ta ɗaga ido ta dubi Talha, wanda ke da abin caji a motarsa. Ya kau da kai, ya jefa makullin cikin aljihu.

"Ke, tashi!" Adda ce, har ta zura takalmi ta yafa mayafi a karkace. "Yashe ba Lome ba ce. Ƙafa dai ba ta neman caji, bakin titi kuma ba a rasa mota."

Basira ta dubi Baffa. Bai ce je ki ba, bai ce zauna ba, sai ya jawo butarsa ya shiga duba ruwan ciki kamar shi ne babban aikin da ke gabansa.

Ko Sadisu ya ji maganar, ko bai ji ba, ita dai ta ji da kunnenta. Ta saki wayar a kan tabarma, abin da ba ta yi ba tun ranar da ya tafi, ta bi bayan Adda a guje.